Shaye-shayen Yara Ciwo Ne, Asibitin Yara Ya Kamata Ya Tare Shi

A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon bincike mafi girma da aka taɓa yi kan shaye-shaye a Najeriya, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC. Alƙaluman sun girgiza mutane. Mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da wani abin sa maye a cikin shekara guda, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. A Jihar Kano kaɗai abin ya kai kashi 16 cikin 100, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Sai dai ƙidayar ta fara ne daga ɗan shekara 15 ta tsaya a kan ɗan shekara 64. Yaron nan ɗan shekara 12 da ke shaƙar sholisho a bayan tasha bai shiga lissafi ba. Haka ita ma 'yar shekara 13 da yayarta ke aika kemis sayo maganin tari, har ta fara kurɓa a hanya.

Waɗannan yaran su ne ya fi dacewa a fara nema, kuma akwai ginin da suke shiga da ƙafarsu ba tare da ɗan sanda ya koro su ba, wato asibitin yara. Can ake kai su in zazzaɓi ya yi tsanani, ko an faɗo daga babur, ko ciwon sikila ya tashi. Muddin asibitin yara bai ɗauki shaye-shaye a matsayin ciwon da ya rataya a wuyansa ba, za a ci gaba da gano shi a makare, bayan yaro ya zama saurayi, ƙwaya ta riga ta gama kama shi.

A duba yadda abin kan kasance a sashen gaggawa. An shigo da yaro ɗan shekara 14 da daddare, yana jijjiga, idanu sun kakkafe. Uwa na bayansa da mayafi a hannu tana salati. A wannan ƙasa duk likitan da ya ga haka zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa zai fara tunawa, ko sanƙarau, kuma yana da gaskiya. Za a yi gwajin jini, a sa ƙarin ruwa, a yi allurar tsayar da jijjiga. Gari na wayewa yaro ya farfaɗo, a sallame shi da maganin zazzaɓi. Da wuya wani ya tambaye shi abin da ya haɗiya jiya da la'asar. Tiramol kuwa, in an sha shi da yawa, yana sa jijjiga irin wannan sak. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ake sayarwa a lungu ya kan kai 225, wani ma 250. In likitan ya yi ƙarfin hali ya tambayi uwar, amsar sananniya ce: "Wallahi likita, ɗana ba ya shan komai, ko sigari." Ba ƙarya take yi ba. Iya abin da ta sani ke nan.

Amurka ta riga mu shan wannan ɗaci, shi ya sa abin da asibitocin yaranta suka yi ya cancanci a tsaya a duba. Annobar can ta samo asali ne daga magungunan kashe zafin ciwo dangin kodin da tiramol, musamman bayan fitowar OxyContin a 1996, lokacin da likitoci suka riƙa rubuta su ba ƙaƙƙautawa. Daga baya fentanil ya shigo, sinadarin da ya kan ninka heroyin ƙarfi har sau 50, ana cusa shi cikin ƙwayoyin jabu masu kama da maganin kemis. Wani nazari da aka buga a farkon 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 matasa 22 'yan shekara 14 zuwa 18 ke mutuwa kowane mako saboda ƙwaya, alhali yawan matasan da ke shaye-shayen ma raguwa yake yi. Ƙwayar ce ta ƙara dafi. Tun a 2011 wata cibiyar bincike ta Jami'ar Columbia ta bayyana cewa tara cikin goma na Amurkawan da jarabar shaye-shaye ta kama sun fara ne kafin su cika shekara 18. Dalilin a jiki yake: ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma ɓangaren da ke auna abin da zai biyo baya shi ne na ƙarshen nuna. Abin da aka saba mata da shi tana ɗanya ya fi wuyar fita.

Asibitin Yara na Boston ya fara ne da abu mafi arha, wato tambaya. A 1999 Dokta John Knight da abokan aikinsa suka fitar da wasu tambayoyi shida da aka sani da CRAFFT, waɗanda likita ko ma'aikaciyar jinya za ta iya yi wa matashi cikin minti biyu ko uku. Ko ya taɓa shiga motar da direbanta ke cikin maye? Ko ya kan sha wani abu don ya samu natsuwa ko ya saje da abokai? Ko ya kan sha shi kaɗai? Ko ya kan manta abin da ya aikata bayan ya sha? Ko 'yan gida ko abokai sun taɓa ce masa ya rage? Ko shan ya taɓa jefa shi cikin rigima? In aka samu "e" biyu, to akwai buƙatar a zauna a yi magana mai tsawo.

Hikimar tana cikin cewa kowa ake yi wa. Ba a zaɓen wanda idonsa ya yi ja ko wanda ya tara suma. Kamar yadda ake sa wa duk yaron da ya shigo ma'aunin zafin jiki, haka ake yi masa tambayar, don haka ba wanda zai ji an nuna shi da yatsa. Ana kuma yin ta ne bayan an roƙi iyaye su ɗan jira a waje.

A shekarar 2000 asibitin ya buɗe sashe na musamman don matasa masu shaye-shaye, wanda Dokta Sharon Levy ta daɗe tana jagoranta. Ita ce kuma ke kan gaba wajen rubuta shawarar da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fitar a 2011, cewa kowane likitan yara ya riƙa yin irin wannan tambaya, ya yi gajeriyar nasiha nan take, ya tura wanda abinsa ya yi nisa wurin ƙwararru. A 2016 ƙungiyar ta ƙara da cewa matashin da dangin heroyin suka kama a ba shi maganin da ke kwantar da ƙishirwar ƙwayar, kamar yadda ake bai wa manya. A wannan shekarar ce Jihar Massachusetts ta yi dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati yi wa ɗalibai tambayoyin da baki, ba tare da gwajin fitsari ba. Sashen na Boston ya kuma buɗe layin waya, ta yadda likitan yara da ke ƙaramin gari, in ya rasa yadda zai yi da yaron da ke gabansa, zai kira ƙwararre ya ba shi shawara. Ta haka aikin ya fita daga harabar asibiti ya shiga aji da unguwa. A watan Maris na 2023 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince a riƙa sayar da Narcan, feshin hanci mai farfaɗo da wanda ƙwaya ta ɗauke wa numfashi, ba tare da takardar likita ba.

Darasi na biyu daga ɗakin jarirai ya fito. Mace mai ciki in tana shan irin waɗannan ƙwayoyi, ɗan cikinta ma yana sha ta mabiyiya. Ranar da aka yanke cibi ƙwayar ta yanke masa, sai bayan kwana biyu ko uku ya fara kuka mai tsini, jiki na karkarwa, ga zawo, ga ƙin nono, ga rashin barci. A 2014 an haifi jarirai kusan 32,000 a wannan hali a Amurka, kusan ɗaya a kowane minti 15. Tun daga 1975 asibitoci ke bin ma'aunin da Dokta Loretta Finnegan ta tsara, mai alamomi 21. Duk bayan 'yan sa'o'i ma'aikaciyar jinya za ta zo ta ba jariri maki, in makin ya kai 8 sau uku a jere sai a fara ɗiga masa mofin, sannan a ɗauki makonni ana rage masa a hankali. Duk wannan a ɗakin 'yan kwalba ake yi, cikin hasken fitila da ƙarar na'urori, uwa kuwa tana can nesa, ana mata kallon mai laifi.

Dokta Matthew Grossman na Asibitin Yara na Yale da ke New Haven ya lura cewa jariran nan sun fi natsuwa in suna jikin iyayensu. Sai ya sauya tsarin. Aka fitar da jariri daga ɗakin 'yan kwalba, aka haɗa shi da uwarsa a ɗaki mai ƙarancin haske da hayaniya, aka ce ta rungume shi fata da fata, ta ba shi nono duk lokacin da ya nema. Alamomi 21 suka koma tambaya uku: yana cin abinci? Yana barcin sa'a guda ba farkawa? In ya fara kuka, ana iya rarrashinsa cikin minti 10? In amsar duka "e" ce, ba a ba shi mofin. Sakamakon da suka buga a 2017 ya nuna kwanakin da jariri ke yi a asibiti sun sauko daga 22.4 zuwa 5.9, waɗanda ake bai wa mofin sun ragu daga kashi 98 cikin 100 zuwa kashi 14, kuɗin jinyar kowane jariri kuma ya faɗo daga kusan dala 45,000 zuwa kusan dala 10,000. A 2023 aka buga sakamakon gwajin tsarin a asibitoci 26 kan jarirai 1,305, aka ga sun kai matsayin sallama kusan mako guda kafin waɗanda aka bi da su ta tsohuwar hanya.

Abin da ya warkar da jariran nan ba sabuwar na'ura ba ce. An daina korar uwa ne, an mayar da ita cikin masu jinya. A ƙasar da mace ɗaya ke cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, kuma da yawansu matan aure ne masu haihuwa, ya kamata ungozoma da likitan jarirai su san wannan kukan in sun ji shi, su kuma iya tambayar mai jego cikin sirri da mutunci, ba a gaban uwar miji ba.

To a nan gida, ina uba zai nufa in ya gane ɗansa ya fara? Zai iya kai shi ofishin hukumar NDLEA, wadda ke da ɗakunan gyaran hali, amma a idon jama'a gidan kamu ne. Zai iya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware, sai dai yana tsoron a ce ɗansa ya haukace, gobe a hana shi aure, a hana ƙannensa mata ma. Saura gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, ciki har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka fasa wani a Daura. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗin wata, saboda shaye-shaye. Gaba kura, baya sayaki. Ba ƙiyayya ta sa iyayen nan yin haka ba, rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa ne. Asibitin yara kuwa ba wanda ke jin kunyar a gan shi a layinsa.

Hana sayarwa kaɗai bai wadatar ba, kuma an gani. Bayan fim ɗin binciken da BBC ta fitar a ƙarshen Afrilun 2018, gwamnatin tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin cikin kwana ɗaya ko biyu. An ƙara matsa wa tiramol lamba a tashoshin jiragen ruwa. Amma a Fabrairun 2025 wani binciken na BBC ya bankaɗo wani kamfani a Mumbai ta Indiya da ke haɗa wasu sinadarai biyu masu haɗari yana turo su Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa da sunaye irin su Tafrodol. Duk ƙofar da aka toshe, 'yan kasuwar sai sun huda wata, matuƙar akwai mai saye. Masu sayen gobe kuwa su ne 'yan firamare da ƙaramar sakandaren yau.

Akwai ma wani nau'in kamuwar da a gadon asibiti yake farawa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Yaron da ciwon ƙashi ya tasar wa yana jin azabar da babba ma ba zai iya daurewa ba, kuma allurar da aka fi samu a kusa ita ce fentazosin, wadda ake ce wa fenta, ba ita ce fentanil ɗin Amurka ba. Tun yana ƙarami ya san sunanta, ya san sauƙin da take kawowa. In ya tasa, layin asibiti ya yi masa tsawo, sai ya wuce kemis ya saya ya koyi yi wa kansa. Likitocin ƙasar nan sun sha rubutu kan masu sikila da suka ƙare da gyambo a cinya da sandararrun gaɓoɓi saboda yawan allurar. Kuskure ne babba a ce maganin wannan shi ne a hana yaro maganin ciwo, ko a riƙa yi masa kallon ɗan ƙwaya duk ranar da ya zo yana murƙususu. Abin da ake buƙata shi ne asibitin da ya raine shi ya tsara masa yadda za a kashe ciwon da wuri kuma daidai, a wadata shi da magungunan rage tashin ciwon, a riƙa tambayarsa ko ya fara allura a gida, sannan ranar da zai koma ɓangaren manya a miƙa shi hannu da hannu da fayil ɗinsa.

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji masu nauyi. Za su ce asibitin da ke kwantar da yara biyu ko uku a gado ɗaya lokacin damina, yana fama da tamowa da ƙyanda da mashaƙo, ga likitoci na ficewa ƙasashen waje, ina ya ga sararin ɗaukar sabon kaya? Gaskiya ne. Amma ba a ce a gina sabon sashe ko a sayo na'ura ba. Tambayoyi shida na minti uku ne, kuma ma'aikaciyar jinya ko jami'in lafiyar al'umma zai iya yin su yayin da ake jiran ganin likita. In kuwa aka ce a bar wa likitocin ƙwaƙwalwa, ƙungiyarsu da kanta ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Yaron da aka ƙi ba minti uku yau, shi ne zai dawo ya cinye gado da ƙarin ruwa da daren likita.

Hujja ta biyu ta al'ada ce. Uba Bahaushe zai ce, a kan me likita zai keɓe da ɗana, har su yi maganar da ba za a gaya mini ba? Amsar ita ce kunya. Yaron da ba ya iya haɗa ido da mahaifinsa, ba ya ko kiran sunansa, ba zai taɓa cewa "na sha" a gabansa ba. Ko a gida, irin wannan magana ta bakin kawu ko goggo ko kaka take fitowa, ba a gaban uba ba. Likita zai iya cewa, "Baba, a ɗan ba mu minti biyar ni da samari, haka muke yi wa kowa." In yarinya ce, mace ta yi mata tambayar. In kuma abin da aka ji ya kai ga barazana ga rai, dole a sanar da iyaye, a kuma gaya wa yaron tun farko cewa haka ƙa'idar take. Burin shi ne a dawo da iyaye cikin maganar ta hanyar da ba za ta ƙare da duka da kora ba.

Akwai kuma giɓin shekaru. A asibitoci da yawa ana daina karɓar yaro a ɓangaren yara da zarar ya kai 14 ko 15, a tura shi layin manya, ya zauna tsakanin dattawa masu hawan jini da ciwon suga. Daidai shekarun da abokai suka fi iyaye ƙarfi a kunnensa, daidai nan ya rasa likitan da ya san shi. Ware yini ɗaya a mako don 'yan shekara 10 zuwa 19, da yamma bayan an tashi makaranta, zai rufe wannan giɓi ba tare da an aza bulo ko ɗaya ba.

Kano ce ta fi dacewa ta fara, domin tana da asibitocin yara biyu na gwamnati, Hasiya Bayero da na Khalifa Isyaka Rabi'u da ke titin Gidan Zoo, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke da likitocin yara da na ƙwaƙwalwa a haraba guda. Zariya na da Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta riga ta ba da madogara ta kallon mai irin wannan matsala a matsayin majiyyaci mai haƙƙi. Abin da ya rage aiki ne: a mayar da tambayoyin cikin Hausar da yaro zai gane, a sa sholisho da wiwi da roche da sukudayi da sunayensu, a mayar da mota ta zama babur da A Daidaita Sahu. A horar da ma'aikatan jinya. A ba da lambar waya ɗaya da ma'aikacin asibitin karkara zai kira ya samu ƙwararre. Ma'aikatan asibitin su riƙa fita zuwa makarantun boko da Islamiyyu da tsangayu da taron iyayen yara, su kuma zauna da masu kemis na unguwa, tunda su ne suka san yaron da ke zuwa sayen abin da ba a aike shi ba. A kuma riƙa rubuta abin da aka gani, domin ƙasar ta samu alƙaluman 'yan ƙasa da shekara 15 da babban binciken bai ƙirga ba.

Kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa da shugabannin asibitocin yara ba sa buƙatar jiran Abuja ko tallafin ƙasashen waje kafin su ba da wannan umarni. Takarda ɗaya daga ofishin kwamishina ta isa ta sa a fara yi wa duk yaron da ya kai shekara 10 waɗannan tambayoyi a duk lokacin da aka kawo shi asibiti. Su rubuta ta a wannan shekarar, iyaye kuma in an roƙe su su ɗan jira a waje, su ba likita wuri.